Motar Gwanjo da Shanu Bakwai

Kun taso kuna jin cewa kakanku Nomau ne ya saya mini motata ta farko, har ya sa mata albarka a ƙofar gida. Ni ma na sha jin ana ba da labarin a gabana a wurin suna ko ɗaurin aure, ban gyara ba, saboda yana da daɗin ji kuma bai ɓata wa kowa suna ba. Amma na daɗe a gidan rediyo ina duba labarai kafin a karanta su, kuma abin da na fi sharewa shi ne irin wannan, magana mai daɗi wadda ba ta faru ba. Da dukiyata aka sayi motar. Kakanku ya yarda, amma sai da na kai shi inda ba shi da wata hanya.

Ina da shekara goma sha takwas a lokacin. Nasara suna nan tukuna, ko da yake an fara raɗe-raɗin tafiyarsu. Shekara huɗu ke nan da na gama lakkwal, wato makarantar boko, a nan Dogon Dutsi, ba a tura ni gaba ba, sai na samu akwatin sabulu na mai da shi tebur a gindin tsamiya kusa da gidan waya, ina rubuta wa mutane wasiƙa. Matan da mazansu suka tafi cin rani, tsofaffin soja masu bin fansho, masu kai kuka gaban kumandan, Baturen da ke mulkin gari, duk a gabana suke durƙusawa su faɗi abin da ba su faɗa wa maƙwabta. Abin da nake samu ban riƙe shi kuɗi ba. A Arewa ba a ajiye kuɗi, ana mai da su abin da ke numfashi. Na fara da awaki, awaki suka zama karsana, na haɗa da 'ya'yan wata saniya da Kaka ta ba ni tun ina ƙarami. Duk dabbar da na saya sai in miƙa ta gida, Baba, kakan naku, ya aika da ita wurin abokinsa Sambo, wani Bafillace mai kiwo a gefen Dumega. A shekarar da nake magana ina da shanu bakwai a hannunsa, mata huɗu da bajimai uku. Ban taɓa zuwa duba su ba. Kowace kaka a ce mini suna nan lafiya, in ce alhamdu lillahi.

Ni ne ɗan fari, kuma ku da kuka taso kuna gardama da ni a tabarma ɗaya ba za ku gane nauyin wannan ba sai na yi bayani. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin Kaka, uwar Baba, a can na girma, gida ɗaya da iyayena amma kamar ɗan maƙwabta. Baba ba ya kiran sunana. In yana nemana sai ya ce a kira wancan. Inna kuwa da na shigo tsakar gida sai ta samu abin yi a madafa. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kowa ya san haka. Sai dai duk abin da nake so daga gare su, da duk abin da suke so daga gare ni, dole ya bi ta bakin Kaka. Ita ce matata ta wasa, ni ne mijinta ragon da bai taɓa kawo mata cefane ba, kuma a cikin wannan wasan ake gudanar da manyan al'amuran gidanmu.

Wata safiya bayan an gama yankan hatsi na je biro, ofishin kumandan, kai takardar wani, na ga an liƙa sanarwa a ƙofa. Za a yi gwanjon wata ƙaramar motar kaya, irin wadda muke kira kamiyonet, bayan mako uku. Na zagaya baya na same ta a kan duwatsu, taya ɗaya babu, kaji sun yi mata kashi a kujera. Na koma na sake karanta takardar har ƙasa. Akwai sharaɗi: wanda bai kai shekara ashirin da ɗaya ba, sai ubansa ya zo ya ɗora yatsa a gaban magatakarda.

Na je na ɗauko Gado, wani tsohon soja da ya yi direba a yaƙi, ya dawo da takardar tuƙi da ɗingishi, amma ba shi da motar tuƙawa. Ya buɗe murfin inji, ya lakato baƙin mai ya murza a yatsa, ya sansana, ya kwanta ƙarƙashi ya daɗe. Da ya fito ya ce ba ta mutu ba, gajiya ta yi da rashin mai kula, kuma in aka ba shi kwana goma za ta tashi. Na tambaye shi abin da yake ganin za ta kai a gwanjo, ya faɗa, na auna da kuɗin shanu a kasuwa. Bakwai ɗin duka za su isa, da ɗan ragowar da za a sayi taya. Shida ma ba za su isa ba. Lissafina mai sauƙi ne. Cinikin gujjiya na tahowa, manoman Kiyeshe da Dumega da Tibiri suna kwana biyu ko uku a hanya da jakuna kafin su kai buhu sikeli. Mota za ta yi wannan a wuni ɗaya. Gado zai tuƙa, ni in koya a gefensa.

Na kai wa Kaka maganar tana ɓarar gujjiya a ƙofar ɗakinta.

"Mota? Kai da ko jaki ka hau sai ya kayar da kai? To in ka saye ta ni za ka fara ɗauka, ko wata ka gani a Tibiri?"

Na ce ita ce uwargida, kujerar gaba tata ce har abada. Sannan na jera mata dalilai uku da nake so ta kai wa Baba. Ta ce ita ba tafinta ba ce, magana ɗaya take ɗauka, in na cika mata kaya za ta zubar da rabi a hanya. Ta tafi bayan la'asar, ta dawo kafin magariba. Na tambaye ta abin da ya ce.

"Ya ce ya ji."

Amsar Inna ta fi zuwa da sauri, ko da yake ba ni ta ba. Washegari ina alwala a bayan rumbu na ji tana yi wa ƙanwata Rabi magana da muryar da ta fi ƙarfin wanda ke kusa da ita. Ta ce saniya in ta mutu a ci nama a jeme fata, ƙarfe in ya mutu sai kaji su kwana ciki. Ta ce duk ɗan da ya bi mota ya zama na hanya, ta lissafa uku a unguwarmu, ɗaya har uwarsa ta rasu bai ji ba sai bayan arba'in. Rabi ta san ba da ita ake ba.

Shirun Baba ne ya dame ni, kuma na fassara shi yadda ba daidai ba. Na san a shekarun aikin tilas an taɓa kama hannunsa an danna yatsansa a takarda, sannan aka kai shi ɗaukar marmara a kan hanyar Dosso wata da watanni. Tun daga nan ba ya bi ta gaban biro. Sai na ɗauka tsoron takardar Nasara ne ya riƙe shi. Na zauna na shirya amsa: an daɗe da soke aikin tilas, takardar gwanjo ba ta ɗaure kowa, ni da kaina zan karanta masa ita kalma kalma kafin ya taɓa tawada. Kaka ta kai, ta dawo da amsar farko. Kwana biyu bayan haka Baba ya ɗaura wa tsohon dokinsa sirdi, aka ce ya tafi ta'aziyya. Ya yi kwana biyar. Da ya dawo ko a gidan ma ba a jin muryarsa. Ni kuwa kullum sai na zagaya bayan biro, na fara ganin wasu ma suna zagayawa, wani ɗan kasuwa har ya zo da makaniki.

Saura kwana tara na yi abin da ɗan fari ba ya yi. Baba yana zaune a dakalin ƙofar gida bayan la'asar tare da dattawa uku na unguwa. Na zo na durƙusa, wannan kam na yi, amma da takardar da na kwafo a hannuna, kuma na yi magana da murya irin wadda nake karanta wa mutane wasiƙa.

"Baba, saura kwana tara. Shanun nawa ne, da hannuna na same su. Ba kuɗi nake roƙo ba, yatsa kawai."

 Ɗaya daga cikin dattawan ya sunkuya yana duban carbinsa kamar yau ya fara ganinsa. Baba bai dube ni ba. Ya naɗe buzunsa, ya sa takalmi, ya shige gida, ya bar baƙinsa a zaune. Su ma suka tashi ɗaya bayan ɗaya, aka bar ni durƙushe a gaban dakali da takarda. Kafin in shiga gida labari ya riga ni. Kaka ba ta kira ni mijinta ba a ranar. Ta ce na tuɓe wa ubana riga a gaban mutane, kuma daga yau in nemi wani ɗan aike, ita ta ajiye.

Na yanke shawarar in je in koro shanuna da kaina. Tunanina shi ne in Baba ya gan su ɗaure a bayan gida zai san ba wasa nake ba. Da asuba na ɗauki gora da sanda na bi dallol, busasshen kwarin nan, na yi kudu. Kwana biyu na yi a ƙafa, ina ratsa gonakin da aka girbe, shanun Fulani sun fara shiga kara. Da yammacin rana ta biyu aka nuna mini rugar Sambo a wata gona gabas da Dumega.

Kun san wasan da ke tsakanin mu Arawa da Fulani. Sambo ya hango ni tun daga nesa, ya gane ni da tafiyar Baba, ya ɗaga murya ya ce wa matarsa ta ɓoye ƙwarya, ga Ba'are ya zo da yunwar shekara. Na ce na zo ne in ga ko bawan gidanmu kiwo yake ko barci. Ya yi dariya, ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo nono mai ɗumi na sha har na ƙoshi. Ina sha ina duban garke yana dawowa, ina jiran sauran. Ina yaro an taɓa kawo ni nan, na ga shanun da sai an hau tudu ake ganin ƙarshensu. Yanzu abin da ya shigo bai fi a ƙidaya da yatsu ba. Bajimaina uku, shanuna mata huɗu, wata tsohuwar saniya mai ƙaho ɗaya, sai maruƙa shida a dangwali, igiyar da ake jera su a kai.

Sambo bai bari na tambaya ba. Ya ce damina biyu da suka wuce ɗansa ya kai babban garken arewa, cuta ta same su a can, yaron ya dawo da sanda kawai. Waɗanda aka bari a gida don nono su suka tsira, kuma yawancinsu nawa ne. Baba ya ji labari ya zo, ya ce masa matan huɗu ya riƙe su habbanaye. Wataƙila ba ku san kalmar ba. Saniya ce ake ba wanda ya rasa, ta zauna a hannunsa har ta haifa masa uku, maruƙan nasa ne, sannan uwar ta koma wa mai ita. Ba a karɓar ta kafin nan. Babu alƙalin da zai kama ka in ka karɓa, abin da ke riƙe da al'adar mutunci ne kawai. Shanuna biyu sun haifa masa biyu biyu, biyu sun haifa ɗaya ɗaya, kuma huɗu daga cikin maruƙan suna kan nono. Baba ya ce masa shanun gidansa ne. Sambo bai san na yaro ba ne shi kaɗai sai makon da ya wuce, da Baba ya zo a kan doki ya kwana biyu. Sun yi zancen ruwa, sun yi zancen hatsi, sun yi zancen mutanen da suka mutu. Sai da ya sa ƙafa a likkafa zai tafi ya ce yaron yana son sayen mota, ya ja linzami.

"Ubanka ya zo bai iya hwaɗi ba," in ji Sambo. "Kai ma ba sai ka hwaɗi ba, ɗana. Abinka ne."

A nan nake so ku kula, domin nan ne labarin da kuka sani ya fi yin nisa da gaskiya. Na gane komai a lokacin. Na gane ba tsoron takarda ne ya rufe bakin Baba ba, ya ba da abin da ba nasa ba, kuma ba shi da fuskar da zai gaya wa ɗan farinsa, ko ta bakin uwarsa. Na gane nonon da na sha shi ne abincin gidan, shi matar Sambo take kaiwa Dumega ta musanya da hatsi. Da safe na tsaya na ga yadda ake sakin maraƙi ya fara tsotsa, sannan a janye shi a tatsa. Ina iya koro bajimai uku in bar matan. Na san ba za su isa ba. Ina iya haƙura da motar, amma a iya sanina ba a taɓa yin gwanjon mota a Dutsi ba, ban kuma san ranar da za a sake ba. Babu wanda ya matsa mini, babu wanda ya ɓoye mini wani abu. Na ce wa Sambo duka bakwai nake so, kuma da an gama cinikin gujjiya zan sayo masa waɗansu huɗu waɗanda suka fi su.

Ya ce Allah ya kai mu. Shi da kansa ya ɗaura musu igiya, ya gaya mini wadda ke harbi da wadda ba ta son a bi ta hagunta. Ya sa ɗansa ya raka ni rabin wuni, don shanun suna ta juyawa. Maruƙan suna kuka a dangwali, uwayen suna amsawa, mun yi nisa ina jin su. Da za mu rabu Sambo ya ba ni hannu ya ce in gai da gida. Bai kira ni Ba'are ba, ni ma ban samu bakin tsokanarsa ba.

Kwana uku na yi a hanyar dawowa. Abin da ban yi tunani ba shi ne nono. Tun rana ta farko hantsar shanun ta kumbura, nono yana ɗiga a ƙasa, suna tafiya suna buɗe ƙafa. Ban iya tatsa ba. A wani ƙauye na roƙi wata mata ta tatse su ta riƙe nonon, ta tambaye ni ina 'ya'yansu, na ce suna baya. Na shigo Dutsi da hantsi, duk unguwa ta gan ni. Baba yana ƙofar gida. Bai dubi fuskata ba, hantsar shanun ya duba, ɗaya bayan ɗaya, har suka wuce.

Inna ce ta je ta roƙi Kaka ta janye maganarta ta ajiye aike, Rabi ta gaya mini daga baya. Washegari bayan azahar Kaka ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a bakin zanar da ta raba ɗakinta da tsakar gida. Baba ya zauna ta waje, ni ta ciki, ba ma ganin juna sai inuwa ta tsakanin kara. Inna tana can wajen turmi da faifai a hannu, ba ta tankaɗe komai. Kowa yana jin kowa, amma kowa da Kaka yake magana.

"Iya, ki tambaye shi," in ji Baba, "ya sha nonon gidan kafin ya koro su?"

Kaka ta juyo ta maimaita. Na ce na sha.

 Sai Baba ya ce ta gaya mini ya ba da abin da ba nasa ba, bai tambaye ni ba, wannan laifinsa ne kuma ya ɗauka. Amma da bakinsa ya bayar, kuma bakin nan shi kaɗai gare shi, ba shi da garke, ba shi da sarauta. Ya ce a mai da matan huɗu gobe, in ɗauki dokinsa da rabin rumbun bana in sayar a maimakonsu. Ashe tun da ya dawo daga Dumega yake neman mai sayen dokin a ɓoye.

Ban taɓa jin Baba ya amsa laifi ba, ban kuma sake ji ba. Da ina da hankalin da nake da shi yanzu da na yi shiru. Amma shekara huɗu na yi ina shirya wa mutane ƙara, na san yadda ake rushe magana. Na ce wa Kaka dokin ya tsufa, ba zai yi kuɗin saniya ɗaya ba. Na ce rumbun mutum goma sha ɗaya yake ciyarwa, ba zan sayi mota da tuwon ƙannena ba. Na ce hatsi ba shi da daraja a kaka, ko an sayar da rumbun duka ba zai kai ba, kuma gwanjo ba ya jiran bazara. Na ce motar ba yawo zan yi da ita ba, gujjiyar gidan nan ita za a fara kaiwa sikeli kyauta, kuma zan biya Sambo kafin damina. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Da farko Kaka tana rage wa maganata kaifi kafin ta miƙa, ta ce yaron yana ganin kamar, yaron yana roƙon a duba. Daga baya ta gaji, ta riƙa miƙa ta yadda na faɗa.

Baba ya ce ko da haka ne, a mayar. Na ce ba zan mayar ba. Wannan Kaka ba ta maimaita ba, babu bukata. Ina jin shanun suna kuka a bayan gida.

Inna ce ta yi magana, ita da ba ta taɓa sa baki a zancena ina wurin ba.

"Iya, a mai da su ina? Sambo da hannunsa ya ɗaura musu igiya. Bafillace ba ya karɓar abin da ya sallama. In aka kora mishi su yanzu an ce mishi maroƙi, an kunyata shi sau biyu." Ta ajiye faifan. "Ni ba na son wanga ƙarfe, Allah ya sani. Amma abin da za a ɓata an riga an ɓata. In aka hana shi kuma, an yi hasara biyu."

Baba ya san gaskiya ta faɗa, ya fi kowa sanin Sambo. Na ga inuwarsa ta miƙe a jikin zana.

"Ki hwaɗa mishi zan tahi biro. Zan ɗora yatsa. Iyakar abin da zan ɗora ke nan."

Ranar kasuwa na sayar da su. Dillali ya duba hantsar matan ya rage musu kuɗi, ya ce saniyar da aka raba da ɗanta ba ta da tabbas. Ranar gwanjo mu uku ne muka taya. Ɗan kasuwar nan mai makaniki ya bi ni har kusa da ƙarshen abin da ke aljihuna, sannan ya girgiza kai ya bari. Baba ya zo da farar rigarsa ta Juma'a. Na buɗe baki zan karanta masa takardar kamar yadda na yi alkawari, ya miƙa wa magatakarda hannu tun ban fara ba. Ya danna, ya goge yatsan a jikin bango, ya fita. Lokacin da Gado da 'yan kallo suka turo motar zuwa ƙofar gidanmu, yana gona. Albarkar da ake cewa ya sa mata ke nan.

Motar ta tashi a kwana na goma sha biyu, kuma ta yi aiki fiye da yadda na lissafa. Shekara uku tana jigilar gujjiya, da ita aka rufa wa gidanmu kwano, da ita aka aurar da Rabi. Kaka ta shiga gaba sau ɗaya, ta ce a sauke ta kafin a kai kasuwa, ta fi yarda da ƙafarta. Inna ta saba da ƙarar inji har tana gane ta daga nesa ta ɗora ruwa. Baba bai taɓa shiga ba. Ko buhunsa sai ya sa ƙannena su kai a jaki. Kafin damina na cika rabin alkawarina, na sayi karsana huɗu na kora su Dumega. Gonar tana nan, rugar babu. Aka ce sun yi kudu, wani ya ce sun ƙetare iyaka zuwa ƙasar Ingilishi, wani ya ce ba su kai ba. Na bar saƙo a kasuwanni uku. Baba ma na san ya yi nasa cigiyar, don sau biyu dokin yana ɓacewa daga turke kwana da kwanaki. Abota ce ta shekara talatin, kuma har ya rasu ban ji an ambaci sunan Sambo a gabansa ba.

Sai dai ni na gan shi bayan ranar da na koro shanun, kuma wannan ban taɓa gaya wa kowa ba, Gado kaɗai ya sani. Mako biyar bayan gwanjo muka ɗauko lodinmu na farko mai nauyi daga Tibiri, buhu har sama, muna sauri mu kai sikeli kafin a rufe da la'asar. Mun wuce Dumega kaɗan, a wani wuri mai yashi, muka hango mutane suna tahowa kudu. Jakuna biyu da tabarmi da ƙore, mace da goyo, saurayi yana kora tsohuwar saniya mai ƙaho ɗaya. Na ƙidaya maruƙan tun kafin in san ina ƙidayawa. Huɗu ne, ana ganin haƙarƙarinsu. Sambo ya janye su gefen hanya, ya tsaya, ya ɗaga sanda kamar yadda ake gai da kowace mota. Ban san ko ya gane ni ba. Ina kujerar gaba, babu gilashi a ƙofar.

Gado ya san labarin. Ya sassauta, ya dube ni.

"In tsaya?"

Mota mai lodi in ta tsaya a yashi tana iya nutsewa, sai an sauke buhuna kafin ta fita. Sikeli kuma ba ya jiran kowa. Duka biyun gaskiya ne, kuma duka biyun sun zo mini a rai a daidai lokacin da nake bukatarsu. Na ce masa ya wuce.

Mun iso Dutsi ba a ko kira la'asar ba. Mai awo yana zaune a inuwa yana cin goro, ya ce mun yi sammako, mu jira ya gama.